Jagora ga Lauyoyin Abuja: Aiki da Ƙirƙirarriyar Basira Ba Tare da Ta Kai Ka Ta Baro Ba

Duk takardar da za ta je gaban alƙali a Maitama, Apo ko Jabi, sai ta fito da sunan lauya guda, da sa hannunsa, da hatiminsa na Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa. Tun 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce ko sunan kamfanin lauyoyi bai isa ya sa hannu a takardar kotu ba, sai mutumin da sunansa ke cikin rijistar lauyoyi. To in kamfani bai isa ba, ina ga manhaja? Manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI), irin su ChatGPT, Gemini, Claude ko Copilot, za su iya zubo maka daftarin shafi goma kafin shayinka ya huce, amma ranar da aka gano kuskure, wanda ya sa hannu ake kira. A kan wannan aka gina matakan da ke tafe, kuma an yi su ne don ofishi mai lauya biyu zuwa biyar, irin waɗanda suka cika benayen Wuse, Garki da Utako, mai sakatare ɗaya da akawu ɗaya da ke zirga-zirgar rajistirin kotu.

Mataki na farko: a gyara fayil tukuna

Manhaja ba ta karanta takardar da ke cikin kabad. Fara da shari'o'in da ke gudana yanzu, ka bar tsofaffi sai an samu sarari. A yi sikanin kowace takarda a kan 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), baƙi da fari, sai dai wadda ke da hatimi ko taswirar fili, ita a yi mai launi. Daga nan a bi ta da manhajar da ke mayar da hoton rubutu ya zama rubutun da za a iya bincika. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe fayil ɗin, nemi sunan mai ƙara. In bai fito ba, hoto kawai kake da shi. Tsofaffin kwafe masu dishi-dishi da rubutun hannun alƙali a littafin kotu su ne ke ba wannan manhaja wahala, tana mayar da 8 ta zama 3, ko ta haɗiye sifili a cikin adadin kuɗi. Saboda haka duk lamba da kwanan wata, a duba su a takardar asali.

Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar shari'a da nau'in takarda, misali 2025-03-14 sannan lambar ƙara sannan "takardar rantsuwa". Da haka kwamfuta za ta jera su da kanta bisa tarihi. A ajiye kwafe uku: ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a faifan ajiya na waje da ba ya kwana a ofis, ɗaya a ma'ajiyar intanet mai kalmar sirri da matakin tabbatarwa na biyu. Kuma kowane wata a gwada dawo da fayil ɗaya daga ma'ajiyar, don sau da yawa sai ranar da wuta ta ƙona kwamfuta ake gane cewa ajiyar ta daina aiki tun bara.

Mataki na biyu: abin da ba ya shiga manhaja

Sirrin wanda kake wakilta amana ce da Ƙa'idojin Aikin Lauya da sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 suka ɗora maka. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda hukumarta, NDPC, ke nan Abuja. Dokar ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje, kuma yawancin waɗannan manhajoji a waje rumbunansu suke. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Tarar tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma naira miliyan 10 ko kashi 2.

A aikace, yi abu uku kafin kowa a ofis ya liƙa komai. Shiga saitin manhajar ka kashe izinin amfani da hirarka wajen horar da ita. Nau'in kyauta galibi a kunne yake zuwa. In da hali, ofis ya biya asusun kamfani guda maimakon kowa ya riƙa amfani da nasa na waya. Sannan a cire suna, adireshi, lambar NIN, BVN, lambar asusun banki da lambar fili, a sa "Mai Gida A", "Ɗan Haya B", "Fili C". Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa. In ka rubuta cewa tsohon darakta ne a wata ma'aikata, mai mata uku da gida a Asokoro, ai ka faɗi sunansa. Shari'ar fyaɗe, ta yara, ta lafiyar mutum da ta rabuwar aure, shawara ita ce kada bayanansu su shiga manhajar gama-gari ko da an sauya sunaye.

Mataki na uku: yadda ake ba ta aiki

Waɗannan manhajoji sun fi amfani in ka ba su takarda ka ce su yi aiki a kanta. Sun fi haɗari in ka tambaye su doka daga ka. Aikin da suke yi da kyau ya haɗa da jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata daga tarin wasiƙu, kwatanta daftarin yarjejeniya biyu a fito da inda aka sauya, taƙaita hukunci mai shafi 80 da kai ka ɗora musu, tsara tambayoyin da za a yi wa mai shaida, da gyara Turancin wasiƙa.

Umarni mai kyau yana ɗauke da waɗannan: wace kotu ce, wace doka ke aiki da shekararta, wane ɓangare kake wakilta, wace irin takarda kake so da tsawonta. Sai ka rufe da sharaɗi biyu. Na farko, kada ta kawo wani hukunci ko sashe da ba ya cikin abin da ka ba ta. Na biyu, kowace magana ta nuna shafi da sakin layin da ta ɗauko ta, inda kuma ba ta samu ba ta rubuta "babu a cikin takardun". Sharaɗin nuna shafi shi ke rage maka aikin dubawa sosai. Kada ka ɗora takardu masu shafi 400 a lokaci ɗaya. Tana yawan tsallake abin da ke tsakiya. Raba su kashi-kashi, shafi 30 zuwa 50, ka haɗa sakamakon da kanka.

Mataki na huɗu: tantance kowane hukunci

Nan ne lauyoyi ke faɗawa rami, don haka sai an san dalili. Manhajar ba rumbun hukunce-hukunce ba ce. An horar da ita ne ta hango kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Ta ga dubban ambaton shari'o'i, ta san siffarsu: sunaye biyu, shekara, juzu'i, kashi, shafi. In ba ta da na gaskiya, sai ta ƙera wanda ya yi kama da shi, da sunan alƙali da kalamai masu daɗin ji. Matsalar ta fi tsanani a dokar Najeriya, domin yawancin rahotannin hukuncinmu suna bayan biyan kuɗi ne, kaɗan ne a buɗe a intanet.

A 2023, a shari'ar Mata da kamfanin jiragen Avianca, wata kotun tarayya a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙira. Abin lura a wannan shari'a shi ne lauyan ya tambayi manhajar ko na gaske ne, ta ce masa na gaske ne. A watan Yunin 2025 Babbar Kotun Ingila ta haɗa shari'o'i biyu ta yi gargaɗi. A ɗaya daga cikinsu, 18 cikin ambato 45 babu su sam. A nan gida, irin wannan abu hanya ce miƙaƙƙiya zuwa gaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi.

Ga yadda ake dubawa, ambato bayan ambato. Nemi shari'ar da sunanta a rumbunan hukunce-hukuncen Najeriya: LawPavilion, Legalpedia, NWLR (rahoton hukunce-hukunce na mako-mako) na intanet ko na takarda, ko NigeriaLII da ke kyauta. Tabbatar shekara, juzu'i, kashi da shafi sun dace. Okafor da Nweke, alal misali, tana NWLR na 2007, juzu'i na 10, kashi na 1043, shafi na 521. Duba wace kotu ce ta yanke, domin manhaja kan ɗauki hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jingina wa Kotun Ƙoli. Sai ka karanta sakin layin da kanka. Ƙirƙirarren hukunci ma ya fi sauƙin kamawa; wanda ya fi wahala shi ne shari'a ta gaske da aka ɗora wa maganar da ba ta yi ba, ko aka ɗauko ra'ayin alƙalin da ya saɓa wa rinjaye, ko maganar gefe da ba ita ce ginshiƙin hukunci ba. Daga ƙarshe a duba ko wani hukunci na baya-bayan nan ya rushe shi.

Manhajojin da aka gina a kan rumbun hukuncin Najeriya sun rage ƙirƙira sosai, tunda daga rumbun suke ɗauko amsa. Duk da haka taƙaitawarsu na iya karkacewa, don haka karatun bai faɗi a kanka ba. Ofis ya buɗe takarda guda a gaban kowane fayil: ambato, inda aka gan shi, wa ya duba, ranar da ya duba. Ambaton da ba ya kan takardar nan ba ya shiga jawabin ƙarshe.

Mataki na biyar: tarkunan da suka shafi Abuja

Manhaja tana ɗaukar Najeriya kamar doka ɗaya ce ke aiki ko'ina, kuma da yake rubutun Legas ya fi yawa a intanet, can take karkata. Ka tambaye ta laifin zamba, za ta kawo maka sashe na 419 na Kiriminal Kod, dokar laifuka ta Kudu, alhali a Birnin Tarayya Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, ke aiki, inda zamba take a sashe na 320 zuwa 322, cin amana kuma a 311 da 312. Tsarin gudanar da shari'ar laifi a nan na dokar ACJA ta 2015 ne.

Haka batun haya. Za ta jawo maka Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, alhali Abuja na da tata dokar karɓe gida daga ɗan haya. In yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan mako mako ɗaya, bayan nan kuma sai notis na kwana bakwai na niyyar mai gida ta karɓe gidansa. Lissafin ranakun ka yi shi da kalanda a hannu. Manhaja ba ta da tabbas a ƙidayar kwanaki.

Sai dokokin da aka soke. Har yanzu tana rubuta sharaɗin sasanci a kwangila da sunan tsohuwar dokar 1988, wadda Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta maye gurbinta. Tana kawo lambobin sashe na dokar kamfanoni ta 1990 a madadin CAMA ta 2020, da na tsohuwar Dokar Shaida a madadin ta 2011. Wa'adin ɗaukaka ƙara ma kada ka karɓa daga bakinta: daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 ne ga hukuncin tsakiyar shari'a, wata uku ga na ƙarshe. Buɗe dokar ka gani da idonka.

Masu zuwa kotunan yanki da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci su ƙara taka-tsantsan. Mazhabar Malikiyya ake bi, manhaja kuwa tana cakuɗa mazhabobi ba tare da ta faɗa ba. Gwada ta da gadon da ya haɗa kaka namiji na wajen uba da 'yan'uwan mamaci: a Hanafiyya kakan yana katange su, a Malikiyya suna tarayya da shi. Gwada ta kuma da mas'alar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, inda rabi da biyu cikin uku suka haura dukiyar, dole a yi auli daga shida zuwa bakwai, miji ya samu uku, su kuma huɗu. In ta ambaci littattafan fiƙihun Malikiyya, Risala, Mukhtasar ko Tuhfa, ɗauko littafin ka nemi babin, domin tana iya ƙera ibarar Larabci yadda take ƙera ambaton Turanci.

Hausa ma haka. Manhajar mayar da murya rubutu tana tuntuɓe a kan karin harshen Sakkwato, a kan hirar da ake sirka Hausa da Turanci, kuma tana rikita "kasa" da "ƙasa". Fassararta ta isa ka fahimci saƙo a ofis. A kotu kuwa tafinta ake buƙata, mutum mai rantsuwa da za a iya yi wa tambayoyi.

Mataki na shida: shaidar da ta fito daga na'ura

Yau da wuya ka ga shari'ar bashi ko ta fili da babu saƙon WhatsApp ko shaidar tura kuɗi a cikinta. Sashe na 84 na Dokar Shaida shi ne ƙofar shigarsu. A shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ce labaran da aka buga daga intanet ba su karɓuwa saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Sharuɗɗan huɗu ne: ana amfani da na'urar a kai a kai a wannan lokacin don irin wannan aiki, ana shigar mata da irin waɗannan bayanai a bisa al'ada, tana aiki daidai ko kuma matsalarta ba ta shafi takardar ba, kuma abin da ke cikin takardar daga waɗancan bayanai ya fito.

Ƙaramin sashe na 4 ya tanadi takardar tabbatarwa da ake haɗawa da shaidar, wadda za ta fayyace wace takarda ce, yadda aka fitar da ita, da bayanin na'urar, wato samfurin waya ko kwamfuta da firintar da aka buga da ita. Wanda ke da alhakin sarrafa na'urar ko kula da aikin shi ke sa hannu, gwargwadon saninsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwafo tsohuwar takardar tabbatarwa daga wani fayil, a manta ba a sauya samfurin na'ura ba. In kuma takardar ta hukuma ce, sashe na 84 bai ɗauke buƙatar kwafin da aka tabbatar ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya shigo da sa hannu na dijital da rantsuwa ta hanyar bidiyo, don haka a karanta sashen tare da gyaransa.

Tun ranar farko ka gaya wa wanda kake wakilta kada ya sayar da wayar, kada ya goge komai, ya kuma kashe saitin saƙo mai ɓacewa. A fitar da hirar gaba ɗaya ta hanyar da manhajar ta tanada, da ranaku da lambobi a bayyane. Hoton allo guda uku da aka tsinto daga tsakiyar hira abu ne da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi wa kaca-kaca. Yanzu da ake iya kwaikwayon muryar mutum da ɗan gajeren sauti, saƙon murya da aka turo daga hannu zuwa hannu ba shi da ƙarfin wanda ke kan wayar asali. In kana shakkar na abokin hamayya, nemi a kawo na'urar asali, in ta kama a kira masanin binciken na'ura.

Wannan kwaikwayon ya shafi asusun ofis ma. Duk saƙon imel ko na murya da ya ce a sauya asusun da za a tura kuɗin cinikin gida, a kira mutumin a lambar da ke cikin fayil tun asali kafin a tura ko kwabo.

Mataki na bakwai: kotu ta waya da ta bidiyo

A watan Yulin 2020, a ƙararrakin da jihohin Legas da Ekiti suka shigar, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Kafin nan ma, a shari'ar Compact Manifold da Pazan, ta amince da sanarwar ranar zama da aka aika ta saƙon tes. Ma'ana lambar waya da imel ɗin da ka rubuta a ƙasan takardunka adireshi ne na gaske. A sa mutum guda ya riƙa duba su safe da yamma, har da akwatin tarkacen saƙo. Tsarin shigar da takardu ta intanet ya bambanta daga kotu zuwa kotu, saboda haka a tambayi rajistiri girman fayil da siffar da suke karɓa, kuma kada a bari sai ranar ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar zaman bidiyo a tanadi layin data biyu na kamfanoni daban-daban, kwamfuta cike da caji, shigar kotu cikakkiya, da sunanka na gaskiya a allo. Mai ba da shaida ya zauna shi kaɗai a ɗaki, kyamara na nuna hannayensa.

Mataki na takwas: kuɗin aiki da ƙananan lauyoyi

In aikin da ke cin awa shida ya koma awa ɗaya da rabi, mai cajin awa ba zai rubuta shida ba. Ya fi sauƙi a koma farashin aiki guda, ana la'akari da mafi ƙarancin kuɗin da Umarnin Biyan Lauyoyi na 2023 ya ƙayyade. A takardar ɗaukar aiki a ƙara sakin layi ɗaya da ke cewa ofis na amfani da irin waɗannan manhajoji wajen daftari da bincike, ba a sa bayanan da za su tona asirin wanda ake wakilta, kuma lauya ne ke duba komai. Wanda ya ce bai yarda ba, a rubuta a bangon fayil ɗinsa.

Akwai wata asara da ba ta fitowa a lissafin kuɗi. Aikin da manhaja ta fi iyawa, wato taƙaita hukunci da daftarin farko, shi ne aikin da yaron da ya fito daga Makarantar Lauyoyi ta Bwari ke koyon sana'a da shi. Wanda bai taɓa rubuta takardar rantsuwa da hannunsa ba, ba zai gane lokacin da manhaja ta cusa hujjar doka ko yanke hukunci a cikinta ba, abin da sashe na 115 na Dokar Shaida ya hana. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a wata shidan farko sabon lauya ya fara rubuta nasa daftarin, sannan ya nemi na manhaja, ya kawo wa babban lauya duka biyun tare da jerin wuraren da suka saɓa da dalilin da ya sa ya zaɓi ɗaya. A ware minti talatin duk ranar Juma'a da safe a duba irin waɗannan tare, a kuma rubuta kowane kuskuren da aka kama manhaja da shi a littafi guda da kowa a ofis zai iya buɗewa.